Yadda Na Kai Haƙoran Kaka Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ƴan fadarmu ta bakin tashar Tasawa suka hana ni shan shayi cikin natsuwa. Da na kai kofi baki sai wani ya ce, "Lawali, wai da gaske teku ba ta da iyaka?" Wani ya ce, "Wai can mata ke tuƙa kabu-kabu?" Na ba da labarin har muryata ta dishe, kuma duk wanda ya ji sai ya kai gaba da ƙari, har shekaranjiya na ji ana cewa wai jirgin sama muka hau ni da kakata. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya shafa mini lafiya. Amma ku sani tun yanzu, ni ba teku na je kallo ba. Haƙora na kai.

Haƙoran Kaka Hajo ne, mahaifiyar babana, wadda ke zaune a wani ƙauye ta wajen Isawan. Tsohuwar nan ta tsufa, amma ko haƙori ɗaya bai fita a bakinta ba, ga wushirya a tsakiya, kuma ba ta da abin alfahari da ya wuce su. Kullum safe sai ta daka gawayi da gishiri ta dirje su kamar mai wanke gindin tukunya. In na tsokane ta na ce, "Amarya, wa kike wa wannan kwalliya, ga ni ban ce komai ba?" sai ta ce, "Kai mijin banza, kakanka da ya fi ka komi saboda su ya yi ta zarya ƙofar gidanmu."

Bara abin ya fara. In ta kurɓi ruwan randa sai ta dafe kunci. Fura da nono, wadda ita ce abincinta tun tana yarinya, ta gagare ta. Har iska in ta buso tana cikin magana sai ka ga ta runtse ido. Ta koma kunu mai ɗumi kaɗai, ta rame, wuyanta ya zama kamar na zabuwa. In an tambaye ta sai ta ce, "Haƙorana sun mutu." Kun san dai yadda muke faɗa in mutum ya tsotsi tsamiya ko ɗanyen mangwaro, haƙora su mutu, zuwa anjima su dawo. To nata sun ƙi dawowa.

Akwai wani mutum da ke shimfiɗa tabarma a kasuwar Mayahi, da awartakinsa da tulin haƙoran da ya cire ya jera su a faranti don talla. Kaka ta aika masa, suka gama magana, zai cire mata na gaba gaba ɗaya. Muka yi roƙo, muka yi magiya a kai ta likita Maraɗi, ta kafe. Ta ce ita ba ta hangame baki gaban ƙaton da ba ta sani ba. Na ce, "To mai awartakin mace ce?" Ta ce, "Wanga na san uwarshi."

Ana cikin haka sai waya ta zo daga Kwatano, Tanti Rabi, autar Kaka, ta haihu bayan an daɗe ana jira. Kaka ta yi guɗa har ta manta ta buɗe baki a iska. Ta ce za ta je suna, kuma da haƙoranta za ta je, kada jikanta ya buɗe ido ya fara da ganin wawulo. "In na komo, a hidda su in huta." Aka ce ni zan raka ta, tunda ni ne na yi lakwal, wato makarantar boko, har na iya faransanci. Wallahi daɗi kamar ya kashe ni, ni da ban taɓa wuce Ƙonni ba. Na kewaya bayan gida na kira Tanti na ce mata, "In muka bari ta dawo da ciwon nan, haƙoran sun tafi." Ta ce akwai likitar haƙori kusa da su, kuma mace ce, in dai kawo ta.

Da babur na je ɗauko ta. Ashe ba ita kaɗai zan ɗauko ba. Ga ƙullin daddawa, ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga gero wai don kunun mai jego, ga man shanu a gora, ga zabi biyu da rai an ɗaure musu ƙafa. Na ce, "Kaka, can ma ana cin abinci." Ta ce, "Abincin wa?" Muka ɗaure kaya, ta hau baya ta riƙe ni kamar za ta karya mini haƙarƙari. Ba mu yi nisa ba yashi ya riƙe ƙafar gaba, muka kwanta a hankali mu duka, ni da ita da gero. Ba wanda ya ji ciwo, amma zabuwa ɗaya ta kwance ta shige gonar wake. Na bi ta har ƙaya ta yage mini wando, ban kama ta ba. Kaka tana zaune a yashi tana dariya da hannu a baki, tana cewa ita ma zabuwar ta ga irin direban da aka ba ta.

Da asuba muka shiga babbar mota daga Tasawa, irin mai sanyin nan da ke hurowa daga sama. Ni ina ta murna ina miƙe ƙafa, ban lura ba sai da muka wuce Gazawa na waiga na ga Kaka ta naɗe bakinta da hancinta da mayafi, ido kawai ya rage, sai ka ce Buzu. Sanyin motar ne ke shiga mata haƙora. Na tashi na toshe ramin iskar da hulata, ya ɗan yi sauƙi, amma ba ta kwance naɗin ba.

A kujerar gefe akwai wata Bazabarmiya, Hajiya Fati, mai fataucin atamfa, wadda ta san hanyar Kwatano kamar hanyar ɗakinta. Ta leƙa ta hango tsagen Kaka a gefen ido, sai ta tafa hannu ta ce, "A'a! Bagobira ce ashe! Shi ya sa ta ɓoye fuska, ta san ta zauna kusa da uwargijiyarta." Kaka daga cikin mayafi ta ce, "Wari na ji, na ce ko an shigo da Bazabarme." Shi ke nan aka ɓalle da wasan nan na Gobirawa da Zabarmawa. Daga Cadawa har Madawa suna yi, mutanen mota suna dariya, har direba yana rage waƙa don ya ji.

Da aka tsaya cin abinci a Ƙonni, Hajiya Fati ta sayo bisap, wato zoɓo, mai ƙanƙara a leda, ta miƙa wa Kaka ta ce, "Karɓi, baiwata, yau kin ci arzikina." Na buɗe baki zan hana, Kaka ta harare ni. Ita a ce Bazabarmiya ta miƙo abu ta kasa? Ta janye mayafi, ta huda ledar, ta tsotsa. Ban taɓa ganin hawaye ya zubo wa mutum da sauri haka ba. Ba ta yi ƙara ba, ta dai riƙe kujera da hannu biyu. Hajiya Fati ta rikice, tana ta "Subhanallahi, Inna, ban sani ba, ki yafe ni." Daga nan wasa ya ƙare. Duk inda mota ta tsaya, ita ke sauka ta nemo ruwan ɗumi wurin masu shayi ta kawo mata. Da Kaka ta samu kanta sai ta ce mini a hankali, "Ka gani ko? Ku bar ni in hidda su."

A Dosso muka canza mota zuwa Gaya, muka kwana gidan wata ƙawar Hajiya Fati. Mutanen kirki, suka ba mu shinkafa da ɗanyen kifi, ni na ci har na ji kunya. Sauron Gaya kuwa, ku bar shi kawai. Namu na Tasawa ɗan makaranta ne.

Da safe aka ce gadar kan iyaka ba ta buɗe ga motoci ba, sai dai a haye kogi da kwalekwale. Kaka ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin Kaba da damina ba. Ta tsaya bakin gaɓa ta dubi ruwan, ta dubi jirgin, ta ce, "Cikin wanga akushi za mu shiga?" Masu jirgi suka ɗauke ta cak suka zaunar a tsakiya kan buhun albasa. Tun da injin ya tashi take karanta duk abin da ta haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Ni kuma ina gaba ina ɗaukar hoto, ina ihu kamar yaro, ruwa na fantsamo mini a fuska. Kai, ranar na ji daɗin duniya! Zabuwar da ta rage ita ma tana ta kuka a ƙarƙashin ƙafata.

A ƙetare aka duba takardunmu ba wata matsala. Wani ma'aikaci ya nuna ƙullin da ke hannuna ya tambaya mene ne. Na ce kayan miya ne. Ya ce in kwance. Daddawar nan ta kwana biyu a ɗaure cikin zafi, da na warware bakin ledar sai ya ja da baya, ya kawar da kai, ya yi mana alama da hannu mu wuce. Kaka ta ce in tambaye shi ko yana so a ɗiba masa.

Daga Malanbil muka miƙa kudu. Ƙasa ta fara yin kore, itatuwa suka rufe hanya, Kaka ta manna fuska a taga ranta yana ɓaci. "Duk wagga ciyawa ba mai kiwo? Lawali, da na sani da awakina na taho." A Paraku muka ci sakwara, sai wani farin abu mai santsi a ganye kamar kafa, da cukun Fulani mai laushi da ake soyawa a sa a miya. Yajinsu ba na wasa ba ne, na sha ruwa har cikina ya yi ƙara. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gaisuwa. Mu a nan kafin ka sayi ashana sai ka tambayi gida da gajiya da sanyi da yara. Can kalma ɗaya ce, an gama, kowa ya kama gabansa. Kaka ta gaida wata mai lemu gaisuwa cikakkiya, matar ta tsaya tana kallonta, ta ɗauka ciniki take.

Kwatano kuwa, babura ne kamar fari. Masu kabu-kabunsu duk riguna ruwan ɗorawa, kuma dole fasinja ya sa hular kwano. E, na ga mata a kan babur, suna gudu fiye da ku. Na ga esansi, wato man fetur, a manyan kwalabe bakin titi, mata ke sayarwa. Hajiya Fati ta tare mana babura, ta ɗora wa Kaka hular kwano bisa ɗankwali, suka rungumi juna, ta ce, "Sai na zo Gobir karɓar haraji." Kaka ta ce, "Ki taho, akwai dakan da ke jiranki." Da muka shiga Zongo sai na ji kamar an sauke ni Maraɗi, ko'ina Hausa, ga mai tsire, ga mai shayi, ga ladan yana kira.

An yi suna lafiya. Kaka ta karɓi jinjiri ta ƙi ba kowa, tana yi masa wasa tana washe masa haƙoran nan. Amma da aka kawo naman rago da lemu mai sanyi, kowa na ci, ita tana gefe da kofin kununta. Tanti Rabi ta dube ni, na dube ta. Washegari Tanti ta zauna kusa da ita ta ce, "Inna, tunda cirewa za ki yi, ga wata likita nan mace, allura take yi, ba ki jin komi. Ya fi na kasuwa." Kaka ta ce, "Mace ce? To mu tahi." Dabararmu ita ce in an shiga ni zan yi wa likita bayani da faransanci a nemi magani, Kaka ba ta jin faransanci balle ta hana. Tanti tana jego, ba ta fita, saboda haka komai ya rataya a bakina.

Likitar wata ƴar gajeruwa ce mai fara'a, da tabarau. Aka kwantar da Kaka a kujerar nan mai komawa baya, aka kunna mata fitila a fuska. Likita ta tambaye ni me ke damunta. Na gyara tsayuwa, na ɗauko maganar Kaka yadda take na juya ta faransanci, na ce, "Docteur, ses dents sont mortes." Wato haƙoranta sun mutu. Ta ce wanne? Na ce duk na gaba, sama da ƙasa, tun bara. Sai na ga fara'arta ta ragu. Ta ce in haka ne aiki babba ne, za a ɗauki hoto, wanda za a iya ceto a cece shi, wanda ya lalace sai cirewa. Ta yi wa mai taimaka mata magana, aka turo wani faranti cike da ƙarafa masu walƙiya, har da ɗan awartaki.

Ashe a wurinsu haƙorin da ya mutu shi ne wanda jijiyarsa ta ruɓe, ya tashi daga aiki. Kaka kuwa da ta hango farantin sai ta ce, "Madalla! Wanga ya hi na Mayahi tsabta," ta hangame baki tana jira. Jama'a, na ratso ƙasa biyu da kogi don in hana a cire haƙoran nan, ga shi da bakina na kawo su gaban awartaki! Na fara inda-inda, ina cewa ba irin wannan mutuwar ba, sun mutu amma ba su mutu ba, irin mutuwar tsamiya. Faransancin tsamiya ya ɓace mini. Na ce mangwaro, na yi alamar tsotsa, na yamutsa fuska. Zufa ta jiƙa mini riga.

Likita ta dube ni ta saman tabarau, ta ce in dakata. Ta ɗauko wani ɗan bututu ta hura iska mai sanyi a gindin haƙorin Kaka na gaba. Tsohuwa ta zabura, ta cafke hannun likita, ta kurma "Wayyo Allah!" har na waje suka leƙo. Likita ta fashe da dariya ta ce mini, "Malam, matacce ba ya ihu. Haƙoran nan da ransu, ran ma ya yi yawa." Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ce ta daɗe ba ta ga tsohuwa mai haƙora irin waɗannan ba. Ɗaya ne kawai can ciki ke da rami, ta cike shi nan take. Sauran, ta ce, gawayi da gishiri ne suka cinye musu ɓawo a gindi, dasashi kuma ya ja baya. Ta nuna mini hoto a allo. Ashe ƙarƙashin farin ɓawon nan haƙori cike yake da ƴan ƙofofi da ido ba ya gani, kowace tana kaiwa ga jijiya. In ɓawo ya goge, sanyi da tsami su bi ta nan su taɓa jijiyar. Ta ce man goge haƙori na da, na masu wannan ciwo, lallashin jijiyar kawai yake ta yi barci. Amma yanzu an samo sababbin abubuwa da ake sawa a ciki, waɗanda ke toshe ƙofofin da kansu, kamar yadda ake yaɓe tsagar rumbu. Wani an yi shi da irin sinadarin da ke cikin haƙori da ƙashi. Wani kuma wani irin gilashi ne na musamman da aka niƙa ya fi gari laushi, in ya haɗu da yawu sai ya narke ya bar abin da ke liƙe ƙofofin. Ni dai baki buɗe nake saurare. Ka ji ilimi! Mutum ya zauna ya yi wa ramin da ba a gani marfi!

Kaka ta ja mini riga. "Mi take cewa? Yaushe za a hidda su?" Na ce mata ba cirewa, magani za a ba ta. Sai na yi lissafi a raina, in na ambaci ƙashi za ta ce ƙashin wace dabba, mu kwana a nan. Bari in faɗi na biyun, shi ne ma wanda likita ta rubuta. Na ce, "Kaka, wani mai ne za ki riƙa gogawa, da garin kwalba a ciki."

Ta rufe bakinta ƙam. Ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali, ta ce, "Garin mi?" Na maimaita. Ta ce, "Lawali, garin kwalba da ake sa ma karen da ya ishi mutane da satar kaji? Mi na yi muku, kai da Rabi?" Na rantse, na yi bayani, na ce ba irin wannan kwalbar ba ce, ta ce kwalba dai kwalba ce. Da na fassara wa likita, ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Ta ɗauko man, ta matsa a yatsa, ta goga a haƙoranta ita kanta a gaban Kaka. Kaka ta zuba mata ido ta ce, "Ba ta faɗi ba. Amma kare ma ba nan take yake faɗuwa ba."

A ƙarshe sharaɗi ta kafa. Ni zan fara. In goga safe da yamma a gabanta, in ta ga ban mutu ba, ta gwada. In ta gwada wata ya kama bai yi ba, ta koma wurin mutuminta na Mayahi, kuma kada wanda ya sake yi mata magana. Na ce na yarda. Likita ta ba mu buroshi mai laushi, ta ce a bar gawayi har abada, a goga a hankali, in an gama a tofar kawai kada a kurkure, a bar man ya yi aikinsa. Ta ce kuma ba rana ɗaya yake yi ba, sai an jure.

Haka na zama zakaran gwaji a gidan Tanti. Kullum safe Kaka na zaune kan tabarma da jinjiri a cinya, ni ina tsugune ina goge baki, ita tana leƙen fuskata. "Cikinka ba ya murɗa? Buɗe ido in gani." Har ƴan gidan suka riƙa gaishe ni da "Lawali, an tashi da rai?" Teku kuma da kuke ta tambaya, na je, na gani, ruwa ne ba iyaka, na ɗanɗana gishiri ne zalla, igiyar ruwa ta tafi da takalmina ɗaya. Kaka ta ce ba ta zuwa inda iska ta fi ko'ina yawa.

Sai a hanyar dawowa, da muka sauka salla a Kandi, ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Kawo kwalbar taka." Ta goga tana ɓata fuska, ta ce yana da yaji kamar na'ana'a. Na so in yi guɗa a tashar nan.

Kwanakin farko bayan mun dawo ba daɗi. In na kira waya sai ta ce, "Ba abin da ya sake. Ranar kasuwa na nan tahe." Na ce ta tuna alkawari, sai wata ya kama. Matar kawuna, wadda ke zaune gida ɗaya da ita, ta ɓoye gawayin dakan, tana tsaye a kanta safe da yamma. Ni a nan Tasawa ko barcin kirki ba na yi, ina ta tunanin ko na yi wa tsohuwa alkawarin banza. Can sai kiran ya canza. Na ce yaya haƙora, ta ce, "Suna nan." Wanda ya san Kaka ya san wannan babbar magana ce. Bayan kwana biyu matar kawu ta kira ni tana dariya, wai an kama Kaka a ɗaki da ƙwaryar fura.

Satin da ya wuce na je da kaina. Na iske ta ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gujiya, wuyan ya fara cikowa. Muna hira aka kira azahar. Ta tashi ta ɗauki buta, ta wuce murhu ba ta ko kalle shi ba, ta buɗe randa ta cika ta da ruwan nan mai sanyi da ke sa goshi ciwo. Ta zauna kan dutse ta wanke hannu, ta ɗebo ruwa ta kai baki. Ni na runtse ido a madadinta. Ta kurkure ta zubar, ta sake, ta sake, na ƙarshen har ta ɗan riƙe shi a baki kafin ta zubar.

Da ta gama alwala, tana gyara mayafi, sai ta ce, ba ta dube ni ba, "Tun bara, in ba an ɗuma mini ruwa ba, ba ni iya kurkure baki. Sau biyar a yini wa zan sa ya hura mini wuta? Sai in shafa a leɓe in wuce. Malam ya ce ba komi, salla ta yi. Amma ni tun ina ɗiya ƙarama ban taɓa tsayawa gaban Ubangijina da bakin da ban wanke ba. Don haka na so a hidda su, Lawali. Ba don hura da nono ba."

Ban san ta ɗauki wannan a ranta ita kaɗai shekara guda ba, ba wanda ya sani a gidan. Na tsaya kawai, idona ya cika da hawaye. Ta shimfiɗa buzunta, ta ɗago ta ga ina nan tsaye, ta ce, "Kauce mana, ka tare mini gabas."

Na kauce, ta tada salla.